Yadda Koci Sabitu Ya Yi Nasarar Zuwa Na Ƙarshe

Duk wanda ya ce muku zafin ranar Makka ne ya taɓa kan Sabitu, sharri yake yi wa rana. Ni Batulu na san shi tun yana yawo ba wando a Fagge. Ɗan gwaggona ne, taubashina, kuma da wautarsa aka haife shi. Abin da Makka ta ƙara masa kawai shi ne waya mai faɗin fuska.

Ni ce mai dafa wa alhazan Najeriya abinci a wani masauki da ke unguwar Jarwal a Makka, shekara goma sha ɗaya ke nan. Tagar kicin ɗina tana kallon farfajiyar baya, inda ake loda kayan alhazai a motoci, don haka babu abin da yake wuce ni. Ni ce kuma na je gaban mudir, wato manajan masaukin, Ustaz Tijjani, na rantse masa cewa taubashina mutum ne mai natsuwa, ya ɗauke shi aiki. Allah Ya yafe mini wannan rantsuwa.

'Yan dakon masaukin rukuni biyu ne. Ɗaya na Yusha'u, wani Bazazzagi da ba ya son surutu. Ɗayan na Sabitu, da mutum uku a ƙarƙashinsa: Wada, Sabo da Salihu. Shugaban rukuni ba ya ɗaukar kaya. Ana ba shi wata koriyar riga marar hannu mai ƙyalli, da usur, ya tsaya a inuwa yana nuni da yatsa. Wannan koriyar riga ita ce duniyar Sabitu. Ya ɗauki hoto da ita ya fi sau hamsin ya aika wa matarsa Hafsa a Kano, har duk unguwa ta ɗauka mijinta manaja ne a ƙasa mai tsarki. In ka raba shi da rigar, ka raba shi da komai.

Masifar ta faro ne shekara biyu kafin abin da zan ba ku labari. Wani alhaji Ba'amurke, mutumin kirki, ya ba shi kyautar hula mai baki, ya kuma nuna masa wasan ƙwallon ƙasarsu a waya. Ba irin tamu ba. Wata ƙwallo ce mai kamar gwanda, wasu ƙarti sanye da hular kwano suna rungumarta suna gudu, wasu ƙartin suna danne su. Alhajin ya koma gida lafiya, ya bar mana Sabitu da ciwo.

Tun daga ranar ya hana a kira shi da sunansa a bakin aiki, sai dai Koci. Ƙwallon ƙafa kuwa ta zama wasan marasa ilimi. Kullum da azahar sai ya jingina da tagata, waya a hannu.

"Batulu, kin san abin da ya faru jiya a Amurka?"

"Na san abin da zai faru yau a Jarwal in ba ka ɗauke gwiwar hannunka daga kan tirena ba."

"Ke dai ba ki da rabo a ilimi. Yaran jami'a fa, 'yan makaranta, mutum dubu ɗari suka zo kallonsu! Akwai wani yaro mai jifa, tun bara na ce zai yi suna. Ni na fara ganinsa."

"Ka gaya wa uwarsa? Ta san da kai?"

Ba ya jin gatse, Sabitu. Sai ya ci gaba. Ya san nauyin kowane ƙato, ya san wanda ya gurɗe, ya san kocin da ya kamata a kora. Wannan na korar koci shi ne ya fi yi masa daɗi. Wai ranar Litinin ɗin da ta biyo bayan rufe kakar wasa, ranar ake sallamar kocin duk ƙungiyar da ta yi ta baya.

"Mutum ya zo ofis da kofin shayinsa, ya tarar makullinsa ba ya buɗe ƙofa!" Sai ya kama dariya har da buga cinya. "Haka ake gyara aiki! Ba sani ba sabo. Da ni ke da iko, da kowa ya ga Litinin."

Ya faɗi wannan ya fi sau ɗari, kuma da yawa a kan kunnen Ustaz Tijjani, wanda yakan shigo kicin ya ci tuwo a tsaye. Shi Ustaz kakanninsa a ƙafa suka zo ta Sudan, a unguwar Nakkasa ta nan Makka aka haife shi, Hausarsa rabi Larabci ce. Ba ya yawan magana, amma ba ya mantuwa.

To, aikin hajjin 2016 ya ƙare, alhazai sun fara haramar komawa gida, lokacin da bayan ɗan dako ke gane kurensa. Sai Ustaz ya tara su a farfajiya ya ce in an gama kwashe alhazai za a ƙaro ma'aikaci ɗaya, Issoufou, mutumin Tawa. Kowa ya san labarin Issoufou. Shi ne wanda ya hau tudun Nakkasa da firji a ka, yana amsa waya da ɗaya hannun. Duk rukunin da ya same shi ya huta.

Yusha'u ya ce a yi ƙuri'a. Sabitu ya busa usur.

"Ƙuri'a aikin ƙauye ce, ya mudir. A Amurka, in yaran jami'a sun gama karatu za a raba su ga manyan ƙungiyoyi, ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe ita take fara zaɓa. A ƙirga motocin da kowane rukuni ya loda cikin kwana goma. Wanda ya zo baya, shi zai ɗauki Issoufou."

Ustaz ya dube shi ta saman tabarau. "Yani wanda ya fi lalaci shi za a ba kyauta?"

"Ba lalaci ba ne, daidaita ƙarfi ne. Ilimi ne mai zurfi."

"Tayyib. Dokar Amurka kake so?"

"Ita fa."

"Gaba ɗayanta?"

"Gaba ɗayanta, ya mudir! Kada a rage ko ɗigo."

"Halas, magana ta ƙare," in ji Ustaz. Ya sa aka rataye allo a jikin bangon kicin ɗina. Kwana goman za su cika ranar Lahadi, a yi zaɓe washegari.

Ko minti biyar ba a yi ba Sabitu ya ja mutanensa ƙarƙashin tagata, wai taron sirri. Ina tankaɗe ina jin komai.

"Za mu faɗi," in ji shi, "amma faɗuwa ta ilimi. Kada kowa ya gane da gangan ne. Kwana goma na kunya, shekara goma na hutu."

Wada ya ce, "Koci, alhazan fa? Jirgi ba ya jiran mutum."

"Wada, kai ɗan wasa ne. Tunani aikin koci ne."

Na leƙo na ce, "Kai Sabitu, ka ji tsoron Allah. Baƙin Allah za ka yi wa wasan gwanda da kaya?"

"Hajiyar tukwane, koma kan miyarki. Ranar da na zama mudir zan tuna da ke."

Matsala ta farko Wada ne. Mutumin Gumel ne, bai iya aiki a hankali ba. Ko ya yi niyyar jan ƙafa, da ya ga akwati sai jikinsa ya manta. Kafin la'asar ɗin ranar farko sun loda mota uku, Yusha'u biyu. Sabitu ya dubi allo kamar an aiko masa da rasuwa. Washegari ya sace mini tsumman goge tukunya ya naɗe wa Wada gwiwa, ya zaunar da shi a benci, wai yana cikin jerin masu rauni.

Ashe cikin alhazan Argungu akwai wani tsoho maɗori, irin waɗanda ba sa ganin ɗauri su wuce. Ya tsuguna gaban Wada.

"Yaro, me ya same ka?"

Wada ya dubi Sabitu. Sabitu ya ce, "Targaɗe ne, Baba, amma na zamani. Sai hutu."

"Babu targaɗen da ya fi ƙarfin hannun nan. Ku riƙe mini shi, don Allah zan yi."

Alhazai huɗu suka danne Wada. Tsoho ya yi bisimilla, ya tofa, ya kama lafiyayyar ƙafa ya murɗa. Ihun da Wada ya yi, sai da tattabarun Jarwal suka tashi gaba ɗaya. Da aka sake shi ya miƙe ya zura da gudu, tsoho ya ɗaga hannu yana cewa, "Kun gani? Ya warke!" Aka yi ta kabbara. Wada kuwa kwana da kwanaki yana ɗingishi na gaske, kuma tun daga ranar bai ƙara yi wa Sabitu dariya ba.

Rana ta uku sai ga sabon salo. Kafin a ɗaga kowace jaka, sai su huɗun su yi da'ira, su dafa kafaɗun juna, su sunkuyar da kai suna ƙus-ƙus. Wai haka ƙartin Amurka suke shawara kafin kowane gudu. Jaka ɗaya, shawara ɗaya. Direban mota, wani Bayamale, ya danna oda har ta dishe.

Tsofaffin alhazai da ke zaune kan kayansu suka ga mutane sun haɗa kai a ƙasa mai tsarki, suka ce ai addu'a ce. Ɗaya ya taso ya dafa kafaɗar Sabo. Wani ya biyo. Kafin ka ce me, da'ira ta kai mutum arba'in, Sabitu a tsakiya yana zufa, yana raɗa wa Salihu, "Ka ɗauki shuɗiyar ka ajiye, ka koma ka ɗauki ja," jama'a suna amsawa da "Amin!" Wata tsohuwa ta cusa kai ta ce a sa da jikanta mai neman aikin kwastan. Sai da malamin alhazan ya fito ya saurara da kyau, sannan ya ce, "Jama'a, ku watse. Wannan lissafin jakunkuna yake yi." Tsohuwar ta ce Allah Ya isa amin ɗinta goma sha biyu.

Amma dabara ta ci. Zuwa rana ta shida Yusha'u ya ba su ratar mota bakwai. Sabitu yana wucewa gaban allo yana shafa shi kamar ɗan da ya haifa.

Sai Allah Ya kawo ciwon tarin alhazai, wannan da ke bin kowa bayan an sauko daga Muzdalifa. Ya kwantar da Yusha'u da mutanensa biyu. Rukuninsu ya koma mutum ɗaya, shi ma yana tari yana dafa bango. Rana ta bakwai rata ta koma biyar, ta takwas ta koma uku. Duk jan ƙafar su Sabitu, sun kusa kamo marasa lafiya.

Ya zo tagata idanu a waje. "Yaya Batulu."

Yau kuma ni ce Yaya. Na ce, "Lafiya, manaja?"

"Ki taimake ni da farfesu mai citta da kanumfari da yawa. Yusha'u zan kai wa. Dole ya tashi."

"Ikon Allah. Yaushe ka fara son Yusha'u?"

"In bai tashi ba za mu ci shi! Kin san abin da hakan ke nufi? Mu ne na ɗaya!"

Na dafa, don Yusha'u mutumin kirki ne. Sabitu ya ɗauki kula ya hau tudun Nakkasa, inda gidan Yusha'u yake, da tsakar rana, matakala bayan matakala, ya zauna yana ba abokin gabarsa farfesu a baki yana roƙonsa ya daure. Yusha'u ya shanye, ya gode, ya juya ya ci gaba da barci.

Da ya ga haka, sai ya yi abin da ban taɓa zaton zan gani ba. Ya tuɓe koriyar riga ya ba ni ajiya, ya hana mutanensa motsi, shi kuma ya koma layin Yusha'u yana loda musu mota da hannunsa. Shekara uku yana masaukin nan, ranar na fara ganin gumi a bayansa. Wada da Sabo da Salihu suna zaune a inuwa suna shan shayi suna kallon kocinsu yana yi wa abokan hamayya bauta.

Salihu ya ɗaga murya, "Koci, a yi da'ira?"

"Rufe mini baki!"

Motoci biyu ne a tsaye ranar, ɗaya za ta Jidda da masu hawa jirgi, ɗaya za ta Madina da masu ziyara. Sabitu ga gajiya ga gaggawa, ga kuma son a gani. Sai ya fara jifa da ƙananan jakunkuna daga nesa, yana ja da baya taku uku kamar yaron nan nasa na jami'a. Ta farko ta shiga. Ta biyu ta daki ƙofa ta fashe, dabino ya watsu har ƙarƙashin mota. Ta uku, wata baƙar jaka mai ɗaurin jan ƙyalle, ta shiga tsaf, ya ɗaga hannu biyu sama yana ihu. Motar ta tashi. Ta Madina ce.

Mai jakar kuwa Jidda za ta. Hajiya Amatullahi ce, wata tsohuwa 'yar Funtuwa, gajeriya, mai sabon haƙorin Makka da lema a hannu.

"Ɗan nan, ina baƙar jakata mai jan ƙyalle?"

"Hajiya, ta shiga lafiya. Kin ga jifan kuwa?"

"Ta shiga ina?"

Sabitu ya nuna ƙurar motar.

Tsohuwa ta dafe ƙirji. "Likkafanina! Yadi goma na saya, na kai shi na wanke da zamzam da hannuna, na shanya shi kwana biyu ina gadi kada tattabara ta ɓata! Shi ka aika Madina ba ni? In na mutu a jirgi da me za a naɗe ni, da uwarka?"

"Hajiya, a kowane wasa akan samu kuskuren jifa, ko manyan..."

Lema ta sauka a kansa. Ta sake sauka. Ya zaga mota, ta bi shi. Wallahi tsohuwar nan da aka ce sai an tura ta a keke wajen ɗawafi, ranar ta zaga motar Jidda sau uku ba ta yi haki ba. Alhazai suna leƙe ta tagogi suna ba ta ƙarfi: "Ƙara masa, Hajiya!" Ni kuwa dariya ta sa na ƙona albasa. Sai da Ustaz Tijjani ya buga wa direba waya aka tsayar da mota a hanya, ya tura tasi ta karɓo jakar, ya kuma ba tsohuwa haƙuri da Hausa da Larabci. Sabitu kuwa kallo ɗaya ya yi masa ta saman tabarau ya wuce. Ni da na san Ustaz, kallon nan ya fi ba ni tsoro.

Ranar Lahadi aka rufe allo. Yusha'u mota talatin da ɗaya, biyar daga ciki da gumin Sabitu. Sabitu ashirin da uku. Mutumin nan da ƙulu biyu a goshi ya yi ta tsalle a farfajiya yana ihu, "Mun zo na ƙarshe! Mun zo na ƙarshe!" Wani Bature-baturen alhaji ɗan Turkiyya ya tambaye ni ko an yi masa haihuwa ne.

Litinin bayan la'asar ya shirya biki. Ya kwashe mini tebur da ledar cin abinci, ya ari kwat a wurin mai gadin ƙofa ya ɗora koriyar riga a kai, ya gayyato ma'aikatan masaukai uku na layinmu. Aka kawo Issoufou. Tubarkalla, sai da ya sunkuya kafin ya shigo ta ƙofar farfajiya.

Sabitu ya ce sai an gwada shi tukuna, haka ake yi wa yaran jami'a. Ya sa shi gudu taku arba'in. Ya sa shi tsalle. Ya sa shi ɗaga tukunyar gas.

"Kana jin za ka iya da tsarin wasana?"

"Lahiya lau," in ji Issoufou. Ya ɗaga tukunyar da hannu ɗaya, ya tambaya ko akwai wata.

Sabitu ya hau kujera, ya yi gyaran murya. "Da zaɓi na farko, na shekarar nan, rukunin Koci Sabitu ya ɗauki Issoufou, daga Tawa!" Ya ciro hular nan ta Ba'amurke ya ɗora masa. Ta zauna a tsakiyar kansa kamar murfin buta. Aka tafa, don an ga shayi da biskit.

Ustaz Tijjani ya matso, hannu a baya. "Mabruk, ya Koci."

"Na gode, ya mudir. Ka ga amfanin ilimi."

"Na gani. Yau wace rana?"

"Litinin."

"Jiya aka rufe kaka?"

"Jiya."

"Wa ya zo na ƙarshe?"

"Mu ne!" Har da buga ƙirji.

"Tayyib. Kai ka koya mini abin da ake yi wa kocin na ƙarshe ranar Litinin. Na tambaye ka, gaba ɗayanta? Ka ce kada a rage ko ɗigo." Ya miƙa hannu. "Riga. Da usur."

Farfajiya ta fashe da dariya. Sabo ya faɗo daga benci. Mai gadi ya ce a ba shi kwat ɗinsa tun kafin a haɗa da ita. Sabitu yana tsaye kan kujera yana cewa, "Ya mudir, ai wannan ɓangaren... wannan sai a Amurka... akwai kwamiti..." Issoufou, da yake mutum ne mai son taimako, ya ɗauke shi cak ya sauke ƙasa don Ustaz ya samu saukin zare rigar.

Wada aka sa wa. Ya gyara ta a kafaɗa, ya busa usur sau ɗaya don ya ji daɗinsa, ya ɗingiso gaban Ustaz.

"Ya mudir, tunda dokar gaba ɗaya ce, tsohon koci ya ce ana musayar ɗan wasa. Ina so in ba Yusha'u Sabitu, ya ba ni amalankensa."

Amalanken nan ƙafarsa ɗaya ta karkace tun zamanin da ban zo ba. Yusha'u, da bargo a kafaɗa yana tari, ya zaga Sabitu ya dube shi sama da ƙasa. Ya je ya tura amalanke, ya yi ƙiii. Ya dawo ya ƙara duban Sabitu.

"A'a," in ji shi. "Na gode da farfesu, amma a bar mini amalankena."

Wada ya ce shi ma ba ya so. Sai na ga duk farfajiya ta juyo tana kallon tagata. Ustaz ya ce, "Ya Batulu, ke kika rantse mini yana da natsuwa. Ɗauki kayanki."

Haka na gaji Sabitu. Yanzu yana zaune a kan bokiti a bayan ƙofar kicin, buhun albasa a gabansa, hawaye shaɓe-shaɓe, ni ban san na albasa ne ko na riga ba. Hafsa ta bugo sau uku tana tambayar me ya sa manaja ya daina aiko da hoto. Na ce mata an ƙara masa girma, yanzu aikin cikin gida yake yi.

Kwana huɗu ya yi yana yankan albasa kai a sunkuye, har na fara jin tausayinsa. Rana ta biyar sai ya share ido da gefen hannu, ya matso da bokitinsa, ya rage murya.

"Yaya Batulu, na yi wani tunani. Kicin ɗin masaukin da ke kallonmu sun fi mu kuku. In muka ƙona miya na sati biyu kacal, dole mudir ya..."

Na ɗauko muciya na ajiye a kan tebur inda zai gan ta da kyau. Na tura masa buhu na biyu da ƙafa.

"Sabitu, a nan ni ce koci. Kuma a kicin ɗina kowace rana Litinin ce. Yanka."